Sabunta Uwar Manhaja Daga Tushenta

Jawabi ga ma'aikata da malamai da ɗalibai a Maiduguri



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar kwamfutocin da ke ofisoshinmu da makarantunmu da asibitocinmu. Ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na Windows 10, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Magajiyarta kuwa, watau Windows 11, ba ta hawa kowace na'ura, sai wadda ta cika waɗansu sharuɗɗa. Saboda haka akwai kwamfutoci masu yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau, an saye su da kuɗin jama'a, amma sun zama kamar gidan da aka daina gyara wa ƙyaure.

Kada wani ya ɗauki wannan abin wasa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka yi ta mai da marasa lafiya gida. Abin takaici, maganin ɓarakar da ta bi ta shiga ya riga ya fito tun watan Maris na wannan shekarar, mutane ne ba su sa shi ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanya uku ce a gabanmu: ko a zubar da na'urorin a sayo sababbi, ko a ci gaba da aiki da su a cikin haɗari, ko kuwa a sa musu wata manhaja wadda mu da kanmu za mu iya sabunta ta. A kan ta ukun zan yi bayani.

Mece Ce Uwar Manhaja?

Kwamfuta ƙarfe ce da waya, ba ta san kome ba sai abin da aka umurce ta. Jerin umurnin nan shi ake kira manhaja. A cikin manhajoji akwai babba guda, wadda ita ce ke fara tashi in an kunna na'ura, ita ke raba wa sauran aiki, ita ke kula da faifan ajiya da madannai da allo da hanyar intanet. Ita nake kira uwar manhaja. Windows uwar manhaja ce, haka Linux, haka FreeBSD, haka kuma Android da ke cikin wayoyin yawancinmu.

Uwar manhaja kashi biyu ce. Akwai zuciya, wadda ke magana da ƙarfen na'ura kai tsaye. Akwai kuma gangar jiki, watau ɗaruruwan ƙananan manhajoji da ke kewaye da zuciyar, masu kwafe fayil da masu tambayar kalmar sirri da sauransu. Ku riƙe wannan rabon, domin za mu komo kansa.

Rubutun Asali Da Tafinta

Na'ura ba ta jin Hausa, ba ta jin Kanuri, ba ta jin Turanci. Harshenta sifiri ne da ɗaya. Mutum kuwa ba ya iya zama ya rubuta miliyoyin sifiri da ɗaya ba tare da ya rikice ba. Don haka masana suka ƙago harsuna na tsakiya, waɗanda mutum mai ilmi zai iya rubutawa ya kuma karanta. Mafi shahara a wannan fage shi ne harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka a farkon shekarun 1970. Abin da aka rubuta da irin wannan harshe shi ne rubutun asali.

Sa'an nan akwai wata manhaja wadda aikinta kawai ta ɗauki rubutun asali ta juya shi zuwa harshen na'ura. Sunan da ya dace da ita shi ne tafinta. Duk wanda ya taɓa aikin fassara ya san cewa mai riƙe da asalin takarda shi ke da iko. In an sami kuskure, ya koma ga asali ya gyara ya sake fassarawa. Wanda aka miƙa wa fassara kaɗai, aka ɓoye masa asali, sai abin da aka ce masa.

To, yawancin kamfanoni fassarar kaɗai suke sayar mana, asalin yana kulle a wurinsu. Ran da suka ce sun daina gyara, ba wanda ya isa ya gyara. Kayan aro ba ya rufe katara.

Buɗaɗɗiyar Manhaja

Akwai waɗanda suka bi wata hanya dabam. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU a Amurka, da nufin a sami manhajar da kowa ke da izinin ya yi aiki da ita, ya karanta asalinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya saki zuciyar da aka sa wa suna Linux. A lokacin rubutunta bai wuce layi 10,000 da 'yan kai ba, yau kuwa ya haura layi miliyan 30, dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suna sa hannu. A 1993 FreeBSD ta fito, wadda ta samo asali daga aikin Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, a wannan shekarar ce kuma aka kafa Debian. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu.

Kada a ce abin kyauta ba ya da ƙarko. A watan Nuwamba na 2017 aka wayi gari manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya duk da Linux suke aiki. Android ma a kan zuciyar Linux aka gina ta. Watau da yawa daga cikinku kun daɗe kuna yawo da ita a aljihu.

Mu ma a Nijeriya muna da darasi. A 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutocin 'yan makaranta guda 17,000 masu ɗauke da Linux ta wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva. Kamfanin nan ya rushe a 2015. Amma da yake rubutun asalin a buɗe yake, waɗansu masana sun riga sun ɗauke shi tun 2010 sun ci gaba da shi da sunan Mageia, waɗansu kuma da sunan OpenMandriva. Kamfani ya mutu, aikin bai mutu ba. Manomin da ya ajiye iri a rumbunsa ba ya jin tsoron ran da mai sayar da iri ya tashi daga kasuwa.

Hanya Biyu Ta Sabuntawa

Mai buɗaɗɗiyar manhaja yana da zaɓi. Yana iya karɓar fassararren kaya wanda masu manhajar suka riga suka shirya, ya sa shi cikin 'yan mintoci. Yana kuma iya ɗauko rubutun asali ya sa tafinta ya fassara masa a kan na'urarsa. Na farkon kamar ka shiga kasuwa ne ka sayi ɗinkakkiyar riga, na biyun kuwa ka sayi yadi ka kai wa tela ya gwada ka.

Zan faɗi gaskiya a nan, domin ba a kira ku don a yi muku talla ba. Akawu da malamin makaranta da ɗan kasuwa, ɗinkakkiyar ta ishe su. Su dai su riƙa karɓar gyare-gyare a kan kari. Amma lalle kowace ma'aikata da kowace babbar makaranta ta sami mutum ɗaya ko biyu da suka iya ɗinki, saboda dalilai huɗu.

Na ɗaya, tsohuwar na'ura ba ta son nauyi. Mai gini daga tushe yana iya cire abin da ba ya bukata, ya bar abin da ya dace da ƙarfen da ke gabansa. Na biyu, in an gano ɓaraka, facinta yakan zo ne a rubutun asali, wanda ya iya gini yana iya liƙa shi nan take. Na uku, harsunanmu. Hausa tana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, Kanuri kuma yana da nasa, kamar ǝ. An riga an sa tsarin madannai na Hausa a cikin Linux, kuma duk abin da ya saura na fassara ko na haruffa, mai riƙe da asali ba ya bukatar ya roƙi kowa kafin ya ƙara. Na huɗu, ilmi. Ɗalibin da ya gina uwar manhaja da hannunsa sau ɗaya ya fahimci abin da karatun shekara bai koya masa ba. Akwai ma irin Linux, kamar Gentoo, waɗanda bisa wannan hanyar aka tsara su.

Matakan Aikin

Zan ba da misali da FreeBSD, domin a wurinta zuciya da gangar jiki suna cikin rumbu ɗaya, matakan kuma a jere suke.

1. Yi ajiyar ko-ta-kwana. Kwafe duk takardun aiki da fayilolin tsari zuwa wani faifai dabam, sa'an nan ka gwada ka tabbata kwafin yana buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba, fata ne kawai.

2. Ɗauko rubutun asali daga rumbun masu manhajar na ainihi, ka kuma tabbatar da shi. Marubutan Barno, waɗanda hannunsu ya yi suna har ƙasashen waje, ba su sakin kwafi sai sun yi muƙabala da asali. A kwamfuta ma akwai muƙabala: kowane kaya yana da lambar shaida, in ko harafi ɗaya ya sauya, lambar ba za ta yi daidai ba.

3. Karanta takardar gargaɗi. A cikin rumbun akwai fayil mai suna UPDATING, inda ake rubuta duk wani canji da ke bukatar kulawa ta musamman. Yawancin masu kuka daga baya wannan matakin suka tsallake.

4. Gina gangar jiki, da umurnin make buildworld. A nan akwai hikima: tsohon tafinta shi ne zai fara fassara sabon tafinta, sa'an nan sabon ya fassara sauran kayan. Wannan mataki shi ne mafi tsawo. A kan tsohuwar na'ura yakan ɗauki awoyi masu yawa, wani lokaci har kwana.

5. Gina zuciya, da umurnin make buildkernel. Ku lura, har zuwa nan ba a taɓa manhajar da ke aiki ba. Duk abin da aka fassara a wani zaure dabam ake tara shi, kamar mai gini da ya buga tubali a gefe bai rushe ɗakin da yake kwana ba.

6. Sa sabuwar zuciya, da umurnin make installkernel, ka kashe na'ura ka sake kunnawa. Me ya sa zuciya ke riga gangar jiki? Domin sabuwar zuciya ta san yadda za ta tafiyar da tsofaffin manhajoji, amma tsohuwar zuciya ba lalle ta gane sababbi ba. In sabuwar ta ƙi tashi, ba a yi asara ba, gama an ajiye tsohuwar da sunan kernel.old, sai a zaɓe ta a koma.

7. Sa gangar jiki, da umurnin make installworld. Wannan shi ne mataki mai haɗari, domin a nan ne ake ɗauke tsofaffin kaya ana ajiye sababbi a gurbinsu.

8. Daidaita fayilolin tsari. A cikinsu ne sunayen ma'aikata da izininsu da tsarin hanyar sadarwa suke. Manhajar etcupdate tana haɗa sababbin canje-canje da abin da kai ka tsara, inda suka saɓa kuma ta tsaya ta tambaye ka. Kada ka amsa da ka, karanta tukuna.

9. Sake kunnawa, ka gwada kome: na'urar buga takarda, intanet, da manhajojin da ofis ke dogaro da su. Kada ka share tsofaffin kayan da suka rage sai ka sabunta sauran manhajojin da ke jingine da su.

10. Rubuta abin da ka yi a littafin ofis, da kwanan wata da lambar fitowar da ka sa. Ma'aikaci yakan tafi hutu, akan yi masa canjin wurin aiki, littafi kuwa yana nan.

Yanayin Garinmu

Wanda ya rubuta littafin koyarwa a ƙasar sanyi bai san Yerwa ba, saboda haka dole mu ƙara namu.

Na farko wuta. Ba wanda ya manta da watan Janairu na 2021, sa'ad da aka karya turakun layin da ke kawo lantarki daga Damaturu, gari ya yi watanni a cikin duhu. An buɗe tashar gas mai ƙarfin megawat 50 a watan Maris na 2023, amma mai hankali ba ya fara aikin nan bisa dogaro da layi ɗaya. In wuta ta ɗauke a mataki na 4 ko na 5, lokaci kawai aka yi asara, sai a sake. In ta ɗauke a mataki na 6 ko na 7, ana iya wayar gari da na'ura rabi tsohuwa rabi sabuwa, ta ƙi tashi sam. Don haka kada a shiga waɗannan matakai biyu sai batir ya cika, ko hasken rana yana da ƙarfi, ko janareta yana da mai.

Na biyu zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, aikin fassara kuwa yana sa ƙwaƙwalwar na'ura aiki iyakar ƙarfinta na awoyi. A kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankar na'ura, a ajiye ta inda iska ke ratsawa, in da hali a yi ginin da dare.

Na uku sadarwa. A watan Mayu na 2013 aka rufe layukan waya a jihohin Barno da Yobe da Adamawa saboda dalilan tsaro, aka yi makonni a haka. Wanda rubutun asali ke cikin faifansa yana iya gini ko babu intanet. Kuma ba sai kowace na'ura ta ɗauko nata ba. A ɗauko sau ɗaya, a gina a kan na'urar da ta fi ƙarfi, a raba wa sauran ta wayar cikin ofis. An rage kuɗin data, an rage na mai.

Na huɗu ruwa. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta nuna mana cewa kwafin da aka ajiye a ɗaki ɗaya da na'ura, tare suke nutsewa. A ajiye kwafi ɗaya a wani gini, a kan tudu, in da hali a wani gari.

A Yi Hattara

Buɗe asali ba ya nufin babu ɓarawo. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata na'ura yana jinkiri da kimanin rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tarar an ɓoye ƙofar sata a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda kusan kowace Linux ke aiki da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe wajen shekara biyu yana taimakon aikin har aka amince da shi. An kama abin kafin ya bazu. Darasin biyu ne: mugu yana iya shigowa ko'ina, amma inda asali ke buɗe, mai ido yana da damar ya kama shi.

Haka kuma tsufa yana da iyaka. Debian ta 13, wadda ta fito a watan Agusta na 2025, ta daina ba da zuciya ga tsofaffin na'urori masu bit 32 na irin Intel. A bincika na'ura kafin a yi mata alkawari.

Kada kuma a fara gwaji a kan na'urar da ke riƙe da albashin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. A koya a kan na'urar da ba a damu da ita ba, sau biyu sau uku, har hannu ya faɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kira

Ga shugabannin ma'aikatu, kafin a rubuta na'ura a jerin kayan gwanjo, a sa masani ya duba ko manhaja ce kawai ta tsufa. A ba ma'aikacin da ke son koyo lokaci da tsohuwar na'ura guda, kada kuma a bar ilmin a kan mutum ɗaya.

Ga malaman Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa tun 1975, da na Kwalejin Fasaha ta Ramat, aikin nan ba ya bukatar kuɗin lasisi ko sabon ɗakin gwaji. Ɗalibin da zai fita da shaidar ilmin kwamfuta ya kamata a ce ya taɓa gina uwar manhaja ko sau ɗaya ne.

Ga matasa maza da mata, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NITDA tun 2001 domin raya wannan fanni, a 2023 kuma ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3. Ku nemi irin waɗannan damammaki. Rubutun asalin kuwa ba ya tambayar ku takardar shaida ko sunan mahaifi. Wanda ya gyara kuskure ɗaya ya aika, in gyaran ya yi kyau za a karɓa, ko daga Gwange ya aiko shi ko daga Bulumkutu.

Ga masana Hausa da Kanuri da sauran harsunan jihar nan, akwai dubban kalmomi a cikin manhajojin nan suna jiran mai fassara. In ba mu yi ba, wani zai yi mana yadda ya ga dama.

Jama'a, na'urorin nan dukiyar ƙasa ce, bayanan da ke cikinsu kuma amanar talakawa ce. Wanda ya koma ofis gobe, ya fara da abu ɗaya: ya duba wace uwar manhaja ce a na'urarsa, yaushe rabon da a sabunta ta, kuma ina kwafin ajiyarta yake.

Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa a Barno da Nijeriya baki ɗaya, ya mai da kowa gidansa lafiya.